Maganin Alhaji Lawal a Zabirar Wanzami

Ku ja benci ku zauna, ku kife wayoyin nan tukuna. Na ji abin da ɗayarku ta faɗa ɗazu a bakin famfo, wai wannan ɗaki wurin hutu ne: a ɗaura wa tsoho abin awon jini, a yi masa 'yan tambayoyi, a ce Allah ya ƙara sauƙi. Ban ji haushi ba. Wadda ta fito daga ɗakin haihuwa, inda ake gudu ana kiran a kawo jini, dole ta ga kamar mu nan shan iska muke yi. Ni dai a ɗakin nan furfura ta same ni, kuma har yau in na tashi aiki kaina ya fi ƙafata gajiya.

Duk wanda kuka gani a layin can, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi sau ɗaya. Wani ya kwanta ya tashi yana jan ƙafa. Wani kuwa bakinsa ne ya karkace da hantsi, kafin azahar ya koma daidai, har yana cewa iska ce ta buge shi. Aikinmu mu gane wa zai ci gaba da zuwa da ƙafarsa shekara da shekaru, wa kuma za a dawo mana da shi a ɗauke. Ba bokanci muke ba, gobe ta Allah ce. Amma akwai abu uku da in suka kama mutum mun sha ganin inda ake ƙarewa: mantuwa, da damuwar da ke zama a zuciya ta hana mutum kula da kansa, da numfashin da ke ɗaukewa cikin barci. Wanda muka ga alamarsu a jikinsa, likita zai riƙa ganinsa a kai a kai, a nemo mai riƙe masa magani. Wanda muka ce lafiyarsa lau, sai a zuba masa magani a leda, a ce ya dawo bayan watanni. Kun ga ashe 'yan tambayoyin nan su ke raba hanya.

Kayan aikin ba su cika tebur ba. Ga abin awon jini, ga sikeli, ga tef irin na tela da muke auna kaurin wuya, don mai kaurin wuya ya fi yawan shaƙewa a barci. Sai kalmomi biyar da za ki faɗa wa mutum, ki ɗauke masa hankali da wata hira, sannan ki ce ya maimaita miki. Wanda ya koya mini aikin, Malam Abu, tsohon nas ne da ke zuwa daga Batagarawa a kan babur. Abin da ya fara hana ni shi ne gaggawa. Ya ce in na ɗaura wa tsoho abin awo kafin in tambaye shi gida da iyali da gajiyar hanya, to tsoronsa na auna, ba jininsa ba. A takarda an ce a ba mutum biro ya zana agogo. Malam Abu ya ce tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba, in ta kasa zana agogo me kika gano? Sai ya nemi yardar likita muka ƙara tamu dabarar. Mace, a ce ta tuƙa mana tuwo da baki, tun daga ɗora tukunya har kwashewa. Namiji ɗan birni, a ce ya kai mu daga Ƙofar Marusa zuwa hasumiyar Gobarau, lungu bayan lungu. Wanda kansa ya fara taɓuwa, sai ki ji ya kwashe tuwo bai yi talge ba.

Wata tsohuwa ce daga ƙauye ta koya mini yadda ake tambayar damuwa. Na ce mata, "Inna, kina jin baƙin ciki?" Ta dube ni kamar na zage ta, ta ce, "Subhanallahi, in yi wa Allah butulci? Alhamdulillahi." Malam Abu yana gefe yana naɗe tef, sai ya ce, "Inna, ya awakinki?" Ta ce ta rabar da su. Ya ce bikin wa ta je kwanan nan? Ta ce ba ta zuwa. Rediyo fa? Ta ce surutu ne. Ta faɗi duk wannan tana murmushi. Mutanenmu ba za su ce miki suna cikin damuwa ba, kuma duk wanda kika ce wa ya jiki, da sauƙi zai ce, ko da a kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka shigo da shi. Sai dai ki tambayi abin da ya daina yi.

Amma wanda nake so ku ji labarinsa Alhaji Lawal ne, mai sayar da shadda, gidansa na Ƙofar Marusa. Ya shigo mini da babbar riga tana ƙamshin turare, yana tafiya daram, in ba an gaya miki ba ba za ki ce hannunsa ya taɓa mutuwa na rabin yini ba. Zuciyarsa ba ta bugawa daidai, don haka likita ya ɗora shi a kan maganin tsinka jini. Wannan magani ba ya son wasa. In an tsallake, jini na iya yin guda ya tafi ƙwaƙwalwa. In an maimaita, jini ya fara zuba ba zai tsaya ba. Wanda ya kawo shi ɗansa na fari ne, Mannir, ma'aikacin gwamnati, magidanci da 'ya'yansa. Na nuna masa kujera, ya ƙi zama, ya tsaya bayan uban hannu a baya. Shi kuma Alhaji, irin mutanen da ne, ba ya kiran sunan ɗan fari, sai dai ya ce yaron nan.

Na ba Alhaji kalmomina: tulu, lemo, takalmi, masallaci, raƙumi. Muka yi hirar kasuwa, sannan na ce ya dawo mini da su. Ya ce, "Tulu." Ya ɗaga kai yana kallon silin. Sai Mannir ya durƙusa wai yana gyara wani abu a ƙasa, ya ce, "Baba, takalminka ya juya." Alhaji ya ce, "Takalmi." Can kuma Mannir ya duba agogo ya ce, "In mun fita sai mu tsaya masallaci." Alhaji ya ce, "Masallaci." Na ce to a kai ni Gobarau. Ya yi dariya ya ce, "Haba Hajiya, ni da aka haifa cikin ganuwa za ki tambaya hanyar Gobarau?" Dariyar ta yi daɗi, amma bai kai ni ko'ina ba. Na tambayi barci, ya ce Alhamdulillahi. Na dubi ɗan, ya ce lafiya lau.

Na fita da Mannir baranda, raina a ɓace. Na ce, "Malam Mannir, jarrabawar makaranta ka ɗauka muke yi?"

Ya sunkuyar da kai. "Sista, mahaifina ne. Ina tsaye a ce ya kasa?"

"Wa ke ba shi magani?"

"Yana aljihunsa."

"Ka taɓa tambayarsa ko ya sha?"

Ya ɗago ya dube ni da mamaki. "Ni?"

Idonsa ya yi ja, sai fushina ya sauka, tausayinsa ya kama ni. Ba ƙarya ya zo yi mini ba, suturta ubansa yake, kuma haka aka tarbiyyantar da shi. Na sa aka zo da matar Alhaji, Hajiya Indo. Ita ma idonta na ƙasa ta ce yana barci lafiya. A wurinta abin da ya faru a ɗakin miji ba a fita da shi waje, bare a gaban ɗa. Ga mutum da maganin da zai iya kashe shi a aljihu, ga gida cike da masu ƙaunarsa, kuma ba wanda zai buɗe baki. Gaskiya na ji tsoro.

Na kai wa Malam Abu maganar. Ya ce, "Duk waɗanda kika tambaya masu jin nauyinsa ne. Nemi wanda ba ya jin nauyinsa." Na tambayi Mannir ko Alhaji na da abokin wasa. Ya ɗan yi murmushi ya ce akwai Baba Iro wanzami, taubashinsa, uwar Iro da uban Alhaji ciki ɗaya suka fito. Tun suna yara suke zagin juna, kowa na cewa ɗayan bawansa ne. Na ce a zo mini da shi, shi kuma Mannir ya jira a waje.

Ranar da Baba Iro ya zo, tun daga ƙofa na ji muryarsa. Siriri ne, baki ja da goro, ga zabira a kafaɗa, jakar fatar nan da wanzamai ke zuba askake da ƙaho. Ya ce, "Sista, ga bawana na kawo, duba min shi ko zai ƙara moruwa." Alhaji ya ce, "Kar ki saurari abin ga, tun yana yaro ba shi da kai." Na sake ba da kalmomi, wasu daban. Alhaji ya kawo ɗaya, sauran suka ɓace. Iro ya kwashe da dariya.

"Mi kike wahalar da kanki? Mutumin da ya yi la'asar sau biyu jiya. Na bi shi ta biyun don in ƙara lada."

Na ce, "Barci fa, Baba?"

"In na gama mai aski ran Juma'a nan zaure yake ɓingirewa. Munshari kamar injin niƙa. Sai ki ji ɗif, ba numfashi. In ce to an tahi, in fara tunanin wa zai gaji hular, sai ya ja wani irin numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya."

Alhaji yana ta cewa ƙarya yake, amma yana dariya. Iro ya ci gaba, ya ce satin da ya wuce aska ta ɗan taɓa bayan kunnen Alhaji, abin da bai kai ƙwayar gero ba, amma jini ya yi ta tsattsafowa har suka yi la'asar. Ya ce, "Mataccen jini ne ya yi mai yawa. Jibi zan kafa mai ƙaho in zuƙe shi."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Baba Iro, in ka kafa masa ƙaho, ka kashe shi."

Na roƙi Alhaji ya fito da maganin. Ya laluba aljihun gaba, ya laluba na gefe, ya zube su a tebur. Na hawan jini kusan bai taɓa ba. Na tsinka jini kuwa, wanda ya kamata ya kai shi ƙarshen wata, ya kusa ƙarewa. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce a hankali, "Nakan sha, sai in ga kamar ban sha ba." Maganar gaskiya ta farko ke nan da na ji daga bakinsa, kuma ban ji daɗin jin ta ba.

Iro ya daina dariya. Ya dubi ɗan'uwansa, ya dube ni. Sai ya miƙa hannu ya tattare magungunan, ya buɗe zabira ya zuba su kusa da askake. Ya ce, "Ai dama ba a bar wa bawa ajiya. Sista, nuna min wanne da wanne." Alhaji ya ce, "Ɓarawo, a gaban hukuma ma sata kake." Amma bai hana shi ba. Da Mannir ne ya miƙa hannun nan, wallahi da gidan bai zaunu ba.

Likita ya sa aka auna jinin Alhaji, ya gyara maganin ya zama na safe kawai, ya sa shi cikin waɗanda muke gani a kai a kai. Aka ce ya riƙa kwanciya a kan gefe, ya rage tuwon dare. Iro kuma na ce masa ba ƙaho, ba aska, sai injin aski. Wannan ta yi masa ciwo, ya ce ubansa da kakansa ba su taɓa riƙe abin da ke kuka kamar ƙuda ba, amma ya saya. Muka ja wa Alhaji kunne a gaban kowa: kada ya karɓi magani a hannun kowa sai Iro, don kada a ba shi sau biyu. Kullum bayan asuba Iro zai biyo ta zauren da kofin ruwa, ya ce, "Tashi, rago, buɗe baki." Alhaji ya rama zagin, ya haɗiye. In sun zo nan kuwa, 'yan layi har so suke a jinkirta kiransu don su sha dariya.

Sai shekarar nan da 'yan bindiga suka tare hanyoyin ƙauye ta zo. Ba sai na gaya muku ba, wasunku daga can iyayenku suka taso. Mutanen da muka ware muka ce a riƙa ganinsu kusa-kusa, su ne suka daina zuwa, don ba mai fitowa da tsoho a kan babur ya bi dajin nan saboda awon jini. Tsohuwar nan mai awaki ban sake ganinta ba, kuma ban sami wanda zan tambaya ba. A madadinsu sai ga waɗanda suka gudo birni, suna kwana a kangaye da gidajen dangi, jininsu ya hau, ba sa barci. Ki tambayi mutum me ya daina yi, ya ce miki komai. A shekarar Malam Abu ya yi ritaya, aka bar ni da ɗakin. Mun iya gane wanda ke cikin haɗari sarai, amma ganewar ba ta kawo shi asibiti. A duk tsawon lokacin, Alhaji Lawal bai taɓa fashin zuwa ba, da ƙafarsa, Iro na gaba yana cewa a ba bawansa hanya.

Mantuwar dai ba ta tsaya ba, dama mun san ba za ta tsaya ba. Ya bar zuwa kasuwa, ƙannen Mannir suka karɓi shago. Ya fara rikita sunayen jikoki. Amma ciwon bai sake bugunsa ba, yana cin abincinsa da hannunsa, yana zuwa masallaci, kuma wannan muke nema.

Da damina Baba Iro ya kwanta, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa. Alhaji ya bi gawa har maƙabarta, ya zauna aka yi ta yi masa gaisuwa. Washegari da asuba ya zauna a zaure yana tambaya ina Iro ya tsaya.

Mannir ya zo mini shi kaɗai, da zabirar a hannu, iyalan Iro sun ba shi saboda maganin na ciki. Ya rame. Ya ce Hajiya Indo ta kai maganin, Alhaji ya ƙi. Shi ma ya durƙusa ya miƙa, Alhaji ya ce, "Yaron nan, kai ma ka zama likita? Iro zai kawo. An ce kar in karɓa hannun kowa." Duk abin da ya manta, wannan bai manta ba, kuma mu muka dasa masa. In an ce Iro ya rasu sai ya yi kuka kamar yanzu ya ji, gobe kuma ya sake tambaya. Na sa aka kawo shi, ni da likita muka ce masa yanzu Mannir ne zai riƙa ba shi. Ya ce to, Allah ya yi albarka. Kafin su kai gida maganar ta gudu. Aka gwada sakawa a kunu, sai ya kurɓa ya ture, ba a san nawa ya shiga ba. Kowace safiya da ta wuce ba magani, ina tuna gudan jinin nan. Na juya duk abin da Malam Abu ya koya mini ban sami komai ba, na ce wa Mannir ya ci gaba da gwadawa, mu kuma muna addu'a.

Da ranar ganin likitansu ta zagayo, sai ga su. Na auna Alhaji, jini daidai. Sakamakon gwaji ya fito, shi ma daidai. Na leƙa zabira, maganin ya ragu yadda ya kamata. Na zaunar da Alhaji a benci wurin 'yan layi, na ja Mannir baranda na ce ya aka yi.

Ya jingina da bango. Sannan ya ce wata safiya ya dawo daga masallaci, ya rataya zabirar a kafaɗa don hannunsa na riƙe da kofi, ya shiga zaure, gari bai gama wayewa ba. Uban na zaune a kan buzu, bai ɗago ba, ya ga zabira kawai. Sai ya ce, "Kai ne, ɗan banza? Sai yau?"

"Sista, na tsaya kamar an kafe ni. Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba. Sai na ji na ce, tashi, rago, buɗe baki."

"Sai me?"

"Ya yi dariya. Ya ce, uwaka. Ya haɗiye."

Tun ranar haka suke yi. Mannir ya ce in ya fito yakan tsaya a ƙofar gida ya yi ta istigfari kafin ya iya hawa mota ya tafi ofis. Ya tambaye ni, wai mutumin da ke zagin mahaifinsa kowace safiya, ina matsayinsa? Na ce ni ba malama ba ce, ya tambayi masu sani. Abin da na sani, ubansa ga shi can zaune, hannu biyu da ƙafa biyu duk suna aiki.

Ya gyaɗa kai, ya gyara zabirar a kafaɗa kamar zai tafi, sai ya tsaya. Ya ce, "Akwai wani abu kuma." Ya juya fuska wajen bango.

"Wani lokaci in ya haɗiye sai ya riƙe mini hannu. Ya ce, Iro, yaron nan nawa na fari, Allah ya ba ni ɗa. Amma kar ka gaya mai."